Goggo da Haruffan da Suka Ƙi Lanƙwasa

Goggo, yayar babana, ta shekara talatin da ɗaya tana buga takardu a kotu kafin ta yi ritaya. A gidanmu idan aka ce Goggo ce ta buga takarda, ba mai sake karantawa don neman kuskure. Da tsohuwar tafireta ta fara aiki, irin mai ƙararrawa a ƙarshen layi, wadda ba ta da ƙ, ba ta da ɗ, ba ta da ɓ. Duk takardar Hausar da ta buga sai ta ɗauko alƙalami mai siririn baki ta bi ta layi-layi tana yi wa haruffan lanƙwasa da hannu. Wani alƙali ya taɓa ce mata ta daina wahalar da kanta, ai kowa zai gane abin da ake nufi. Ta ce masa, "Ranka ya daɗe, idan shaida ya ce ya ga baƙi a ƙofar gida, ni ba zan rubuta ya ga baki ba."

Gajeriyar mace ce, tabarau rataye a wuya da igiya, farce kullum a yanke ƙwal. Ba ta kallon yatsunta idan tana bugu. Idonta na kan takardar da take kwafa, bakinta na hira da wanda ke kusa, hannun na nasa aikin. Mijinta ya rasu tun ina makarantar firamare, 'ya'yanta biyu maza suna aiki a nesa, don haka ta dawo ɓangaren baya na gidanmu, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida.

Ritaya ba ta karɓe ta ba. Wata uku ta yi tana sauya wa kujeru wuri, tana gyara rubutun da ke jikin kalandar falo da jan biro, har Baba ya ce, "Yaya, don Allah ki nemi aiki kafin ki fara gyara mana sunaye." Aka yi sa'a wani ƙaramin ofis yana neman mai bugu. Ɗaki uku ne a saman wani kantin magani, ma'aikata biyar, aikinsu shirya bayanan kiwon lafiya da Hausa suna sa wa a intanet. Likitoci su aiko da Turanci, Malam mai fassara ya juya da hannu a littafinsa, don shi har gobe bai yarda da kwamfuta ba, ita kuma Goggo ta buɗe burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, ta buga kai tsaye a shafin ofishin. A kwamfuta an huta da alƙalami: ta taɓa wani maɓalli na gefe, ta taɓa k, sai ƙ ta fito da lanƙwasarta. Shekara huɗu ta yi a nan ba wanda ya taɓa dawo mata da aiki.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ni ce 'yar ɗakinta, shi ya sa na san labarin nan ciki da bai.

Wata ranar Talata Malam mai fassara ya fito daga ɗakin manaja yana dariya har da riƙe ciki. An sa bayani kan ciwon asma a shafi, wani mai karatu ya bugo waya yana tambaya ko a garin su waye kuraye ke yawo haka. An buga cewa mai asma ya guji kura, ya rufe hanci idan ya ga kura ta taso. Kowa ya yi dariya, har Goggo ta ɗan murmusa, ta gyara, ta ce tsautsayi ne. Washegari aka sami uku. Kafin mako ya ƙare, da kanta ta tsinto goma sha bakwai: ɗaki ya koma daki, ƙafa ta koma kafa, ɓawo ya koma bawo. Ba duka ke ɓacewa ba. A layi ɗaya sai ka ga lanƙwasa huɗu sun fito daidai, ta biyar babu.

Manaja mutum ne mai kunya, Mama yake kiranta. Ya ce, "Mama, wataƙila kibod ɗin ne ya gaji." Aka kira mai gyaran kwamfutar ofishin, ya kawo sabo fil a kwali. Ba ta sauya zane ba. Mai gyaran ya zauna ya buga ƙ sau talatin, duk suka fito. Aka lallaɓa Malam mai fassara ya buga layi biyu da yatsa ɗaya kamar kaza na tsattsagar tsaba, shi ma nasa suka fito. Ita kanta Goggo idan ta nutsu ta buga a hankali tana kallon yatsunta, ba ko ɗaya da ke ɓacewa. Mai gyaran ya tattara kayansa ya ce, "Mama, kwamfuta lafiyarta lau." Kowa a ɗakin ya gane sauran maganar.

Da yamma ina ninke wanki ta shigo ta zauna a bakin gadona. Ta daɗe tana wasa da igiyar tabarau, sannan ta ce, "Ke da kike asibiti, abin nan na Inna, ta ina yake farawa?"

Inna ita ce mahaifiyarsu, kakata. Tela ce ta gaske a zamaninta. Ciwon mantuwa ya kama ta a ƙarshen rayuwarta, kuma daga hannu ya fara: wata rana ta ɗinke hannun riga ruf, ta rantse ba ita ta yi ba. Goggo ce ta yi jinyarta shekara shida, har zuwa lokacin da Inna ke kallonta tana tambayar 'yar gidan waye wannan mai kirki haka.

Na ce, "Haba Goggo, don harafi ya ɓace?"

Ta ce, "Ina jin yatsana ya taɓa. Wallahi ina jin ya taɓa. Na ɗaga ido in ga babu. Haka Inna take rantsuwa."

A wurin aiki na ga masu irin wannan, kuma da yawa haka suke farawa, da ƙaramin abu. Na karɓo mata ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa, aka ba mu sai nan da mako uku.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Goggo ta koma bugu a hankali, kai a sunkuye, tana bin kowane maɓalli da ido. Aikin da take gamawa kafin azahar ya koma kai ta la'asar. Ta daina hira a ofis. A gida na kan jiyo ta a tsakar gida tana karanto lambobin wayar 'ya'yanta da ka, ta juya su daga baya zuwa gaba, tana gwada kanta. Ranar da ta nemi makullinta ta rasa na minti biyu, sai ta hau salati tana zazzage jakarta, alhali Baba ne ya ajiye jarida a kai. Shi ma Baban ya daina tsokanarta. Gida ya yi tsit kamar an yi baƙon kunya.

Ranar Asabar da safe ta aiko a karɓo mata laftof ɗina. Ta ce takardar barin aiki za ta rubuta, gara ta tafi da ƙafarta kafin a fara tausaya mata. Na kai mata da kaina, na buɗe mata manhajar rubutu, na zauna ina tsince wake a gefe. Ba takardar kaɗai ta rubuta ba, har da bayanin miƙa aiki ga wanda zai gaje ta: inda ake ajiye kowane abu, kalmomin da Malam ke yawan rubutawa ba daidai ba, yadda ake lallaɓa injin buga takarda idan ya tauna takarda. Ranta a ɓace yake, ta manta da taka-tsantsan, yatsun suka koma gudunsu na da, kamar ruwan sama a kan kwano. Shafi biyu da rabi.

Da ta gama ta koma farko tana karantawa, yatsa a kan gilashi, kamar yadda ta saba. Ta kai ƙarshe. Ta sake komawa. A karo na uku ta ce, "Zo ki duba min nan." Na karanta, ban ga komai ba. Ta ɗauko biro ta ƙirga haruffa masu lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya a bayan wani ambulan. Ɗari da goma sha huɗu, babu wanda ya ɓace.

Ta ce, "To. Ciwon nan nawa a ofis kawai yake kama ni ke nan?"

Ranar Litinin ta riga mai shara isa. Ta zaɓi sakin layi ɗaya ta buga shi sau goma a manhajar rubutu, sau goma a burauza, a kwamfuta ɗaya, da kibod ɗaya, da gudu ɗaya. Na farkon babu kuskure. Na biyun ashirin da biyu. Ta sa aka sake kiran mai gyara, ta ajiye masa takardun biyu gefe da gefe. Ya duba, ya sosa ƙeya, sai idonsa ya faɗa kan alamar burauzar da ke ƙasan allo.

Ya ce, "Af! Mama, wa ya sa miki wannan? Ai ba ta kowa da kowa ba ce. Ta gwaji ce, beta suke ce mata. Ba su gama ta ba, suna bayarwa ne mutane su gwada su faɗa musu inda take da matsala."

Nan ta tuna. Kwanakin baya wani saƙo ya ɓullo mata yana gayyatar masu son gwada sabuwar fitowa, an ce rubutu ya fi fita tar a cikinta. Ita kuwa da idonta ya fara gajiya, ta danna ta amince, ta manta da zancen.

Mai gyaran ya ce minti biyar ya ishe shi ya goge ta. Goggo ta ce ya dakata. Ta tambaye shi, idan sun gama gwajin me zai faru? Ya ce sai su tura wa duniya baki ɗaya. Ta ce, "Da kurayen a ciki?" Ya ce in dai ba wanda ya gaya musu, eh. Ta sa ya dawo mata da tsohuwar don aikin ofis, ya bar ta gwajin a gefe. A tsohuwar haruffanta suka dawo ras. Amma hankalinta bai gama kwanciya ba. Ta ce min, "Idan laifin manhaja ne, me ya sa ba ta yi wa Malam? Me ya sa ba ta yi wa mai gyara? Ni kaɗai ta tsana?"

A kusurwar burauzar gwajin akwai ɗan maɓalli na aika ra'ayi ga masu yin ta. Mai gyaran ya ce mutane layi ɗaya suke rubutawa, mafi yawa ma zagi. Goggo ta rubuta musu da Turancinta na kotu, sakin layi bakwai masu lamba: ranar da abin ya fara, irin kwamfutar, yadda ake fitar da harafin, gwajin da ta yi, abin da ta samu, da misalin yadda rashin lanƙwasa ke juya ma'ana a bayanin da marasa lafiya ke karantawa. Nan take amsa ta shigo ana gode mata. Ta ji daɗi ta zauna ta mayar da godiya mai tsawo, har da gaida iyali. Mai gyaran ya yi dariya har da ƙwalla, ya ce inji ne ke amsawa. Ta ce, "To ai ya fi wasu mutanen tarbiyya."

Kwana huɗu shiru. A na biyar imel ya zo daga mutum, wata injiniya cikin masu gina burauzar. Ta ce a duk saƙonnin da suka samu ba ta ga wanda aka tsara kamar wannan ba. Sai dai ta saita kibod ɗinta yadda Goggo ta kwatanta, ta gwada fiye da sau hamsin, ba harafin da ya ɓace mata.

Goggo ta bugo min waya ina wurin aiki, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Kin ji ko? Su ma ba su gani ba." Na ce ta karanta min sauran. Ashe ba ta kai ƙarshe ba. Injiniyar ta ce rashin ganinta ba ya nufin babu matsalar, ta roƙi a ɗauko mata hoton bidiyo wanda zai nuna hannun Goggo da allon a lokaci ɗaya.

Da hutun rana na hau ofishinsu da wayata. Na tsaya a bayanta ina ɗauka. Sanin ana kallonta ya sa ta ɗari-ɗari, ta riƙa bugu a hankali, ko harafi ɗaya bai ɓace ba. Muka sake, haka. Gumi ya fara keto mata. Malam mai fassara da ke gefe yana shan shayi ya ajiye kofinsa, ya jawo littafinsa ya ce bari ya yi mata shifta. Ya fara karantowa da sauri, yana yi yana tsokana: wai a zamaninsa masu bugu ba sa sa mutum jira, wai ko ya je ya dawo ne. Goggo ta ce, "Malam, ni za ka gaya wa bugu? Kai da rubutunka kamar tururuwa ta faɗa tawada?" Ta miƙe baya, ta ɗauke ido daga kibod, yatsun suka ɓalle. Ina kallo ta cikin waya: ɗaya ya ɓace, biyu, biyar. Malam ya ƙyafta min ido.

Amsa ta zo washegari da hantsi, Goggo ta hana kowa buɗewa sai da na iso. Ta ce in karanta mata, duk da ta fi ni Turanci nesa ba kusa ba. Injiniyar ta ce ta rage gudun bidiyon ta bi shi daki-daki. A duk inda harafi ya ɓace, yatsun Goggo sun taɓa maɓallan biyu, kuma a kan tsari. Matsalar ita ce a sabuwar fitowar sun sauya yadda burauza ke sauraron kibod, idan maɓalli na biyu ya biyo na farko da sauri ƙwarai sai ta yar da na farkon. Ta ce su a wurinsu ba mai iya buga waɗannan haruffa da irin wannan gudun, sai da ta rubuta wata 'yar manhaja ta kwaikwayi saurin kafin ta ga abin da idonta. Ta rufe da cewa laifinsu ne, hannun Goggo bai yi kuskure ko sau ɗaya ba.

Goggo ta ce, "Maimaita wurin nan na ƙarshe." Na maimaita. Ta cire tabarau ta sake shi ya faɗa ƙirjinta, ta rufe fuska da gefen mayafi. Manaja ya fita a hankali kamar an kira shi a waya. Can ta share ido, ta ja dogon numfashi ta ce alhamdu lillahi sau uku. Sannan ta juya ta ce wa Malam ya gyara fassarar jiya, don babu wanda ke cewa hawan jini yana tashi sama, ina zai tashi da, ƙasa?

Bayan kwana shida injiniyar ta aiko da gyara ta ce a gwada. Goggo ta ware rabin awa bayan tashi aiki ta yi ta zuba gudu. Ƙananan haruffa sun gyaru, amma ta kama manyan, Ƙ da Ɗ da Ɓ na farkon jimla, suna nan suna zillewa. Ta sake rubuta rahoto mai lamba. Injiniyar ta amsa da cewa ta ji kunya, ta manta da manyan sam. Aka sake gyarawa. Daga baya ta gaya wa Goggo cewa da suka koma tsoffin saƙonni sun tarar da mutum tara daga wasu harsuna masu irin waɗannan haruffa sun yi kuka da abu ɗaya, an rufe maganarsu don ba a gane me suke nufi ba. Duk an bi su an ba su haƙuri. Ta nemi izinin sa sunan Goggo cikin waɗanda za a gode wa ranar fitowa. Goggo ta ce a'a, a rubuta wata mai buga takardu, ya isa.

Ranar likita ta zo, ta ce ita ba inda za ta. Na ce ai ba a fasa ba, ni ma ina son in ji daga bakinsa. Ya yi mata tambayoyi, ya sa ta zana agogo, ya ba ta kalmomi biyar ta riƙe. Ta dawo masa da su, ta kuma nuna masa inda aka yi kuskuren bugu a takardar da ya ba ta ta cike. Ya ce ƙwaƙwalwa ƙalau, sai dai ta rage gishiri, ta je a sauya mata tabarau. A hanyar dawowa cikin motar haya ta ce min, "Na san abin Inna yana iya zuwa wata rana. In ya zo, ke za ki gaya min, kada ki ɓoye." Na ce na yi alkawari. Ta ce, "To shi ke nan," ta sa direba ya tsaya ta sayi lemo a bakin hanya.

Takardar barin aikin ta goge ta. Bayanin miƙa aikin kuwa ta buga shi ta manna a jikin kabad, ta ce ko ba ta tafi ba ya kamata su koya.

Har yanzu tana ofishin, kuma ba ta goge burauzar gwajin ba. Duk ranar Alhamis bayan tashi takan buɗe ta ta yi bugu na minti ashirin, in ta ga abin da bai yi mata ba ta rubuta. Ta kama musu abu biyu tun daga lokacin, ɗaya kuma ya zamana ita ce ba ta gane yadda ake amfani da shi ba, ta rubuta ta janye ƙararta. Ita da injiniyar ba su taɓa ganin juna ba. Goggo 'yar nan take ce mata, ta san tana da jariri mai fitar da haƙori, har ta aika mata shawara.

Kwanan baya injiniyar ta ce ta daɗe tana gyaran haruffan da ba ta san yadda ake furta su ba. Goggo ta sa na naɗi muryarta tana faɗin ƙofa, ɗaki, ɓera, a hankali, sau uku-uku. Bayan kwana biyu saƙon murya ya dawo. Muka taru a falo muka kunna. Ɗakin ta yi ƙoƙari, ɓeran ma da dama-dama, amma da ta zo kan ƙofa sai ka rantse shaƙuwa ce ta kama ta. Baba ya yi dariya har ya ƙware. Goggo ta harare shi ta ce, "Kai da ka shekara biyar kana cewa tofa fa?" Ta karɓi wayar ta sake naɗa mata, wannan karon tana kwatanta mata inda ake ajiye harshe.